Hajiyar da Ba Ta Je Makka Ba

Hanan, ranar da kika dawo daga makaranta kika tambaye ni da Turancinki mai sauri ko gaskiya ne na taɓa shiga coci, cewa na yi ki ci abinci tukuna. Ba ɓoye miki na so yi ba. Amsar ce ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a kicin. Gaskiya ne na shiga, da ƙafafuna, da hijabina, ke kuma kina goye a bayana kina da wata biyu. Waɗanda suka ba ki labarin sun faro shi daga ƙofar cocin. Ni zan faro miki daga matar da na shiga dominta.

Sunanta Rifkatu, ita ta haifi mahaifiyata. Mutuniyar Wusasa ce a gefen Zariya, Kirista 'yar Kirista. Mahaifiyata ta musulunta kafin ta auri Baba, ta kuma rasu ina da shekara biyar. Baba yana aikin da ba ya zama gari ɗaya, sai ya kai ni wurin Kaka da roƙo guda: a bar yarinyar nan a kan addinin ubanta. Kaka ta ce ta ji. Washegari ta dawo daga kasuwa da 'yar buta shuɗiya da sallaya. Ita ke tashina da asuba. Da azumi ita ke hura wuta ta dama mini koko, ta zauna tana hamma har in gama. Ita ke kai ni makarantar allo, ta zauna a gindin mangwaron da ke ƙofar tana saƙar hular jarirai har a tashe mu. Idan na yi ƙiwar sallah sai ta ce, tashi ƙawalli, kada ubanki ya ce na ci amana. Ban taɓa kiranta da sunanta ba, ita kuma ƙawalli take ce mini har na yi aure.

Da muka zo Kuala Lumpur, Abbanki yana karatun digirinsa na uku, ni kuma ina hawa na goma sha huɗu na wani bene a unguwar Cheras ina kallon ruwan sama yana tahowa daga nesa kamar an saki labule. Na yi kewa a watannin farko har na riƙa rubuta wa gajimare wasiƙa a littafina. Maman Walida ce ta fito da ni daga wannan hali. Bakanuwa ce, matar wani malamin jami'a, ta daɗe a garin har ta san inda ake samun komai, daga kuɓewa busasshiya har telan da ya iya ɗinkinmu. Ita ta shigar da ni cikin matan unguwa. Da suka ga ina da karatu, sai suka riƙa turo mini 'ya'yansu ranar Asabar ina koya musu Hausa da ƙananan surori, domin yaran da aka haifa a can idan ka ce musu ina kwana sai su amsa da harshen Malay. Aka fara ce mini Malama. Sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Idan aka tambaye ni garinmu sai in ce Zariya, in tsaya a nan.

Da na haife ki, babu wadda za ta zo mini wankan jego sai Kaka. Ba ta taɓa hawa jirgi ba, amma ta hau, da gwiwarta mai ciwo da jaka cike da kanwa da daddawa da kuka. Ko hutawa ba ta yi ba Maman Walida ta shigo da kulolin abinci, ta durƙusa har ƙasa.

“Hajiya, sannu da hanya! Ya kika baro mutanen gida? Hajiya, kin ga jikarki ta zama tamu.”

Kaka ta amsa da fara'a, ta sa mata albarka, amma ta ɗago ido ta dube ni. Ni kuwa sai na duƙufa a kan buɗe kula. A can duk dattijuwar da ta sauka daga Najeriya da mayafi Hajiya ce, ba a tambaya. Kaka kuma ba ta da abin da zai bambanta ta: ɗankwalinta a ɗaure, bakinta ba ya rabo da in Allah ya yarda, Hausarta ta fi ta kowa a ɗakin. Da baƙuwar ta tafi sai ta ce:

“Ƙawalli, yaushe na je Makka ban sani ba? Ko jirgin nan ya biya da ni ina barci?”

Na yi dariya, na ce haka suke ce wa kowace babba, girmamawa ce. Sai na ƙara abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ce mutanen nan ba su san mu ba, ba su san yadda gidanmu yake ba, kuma wata uku ne kawai za ta yi.

“Wata uku,” in ji ta. “To, na ji.”

Ta sa hannu a wuyanta ta ciro ɗan gicciyen da ke rataye da baƙin zare, ta ƙulle shi a haɓar zanenta.

Ba a taɓa yi wa mai jego gata a Cheras kamar yadda aka yi mini ba. Kaka ba ta jin Turanci, ba ta jin Malay, amma kwana uku da zuwanta ta dawo daga wurin Indiyawa masu sayar da furanni da damin ganyen darbejiya, da nuni da hannu kawai ta samo shi. Ta tafasa ruwa a babbar tukunya da butocin lantarki biyu, ta yi mini wanka safe da yamma a banɗakin da mutum biyu ba sa juyawa. Kunun kanwarta ya sa matan da ba su haihu ba ma suka riƙa hawowa da kofunansu, wasu har su ce a yi musu tapau, wato a ƙulla musu, su kai gida. Suna kawo mata jariransu ta duba cibiya, suna kawo mata ƙarar mazajensu. Hajiya kaza, Hajiya kaza. Idan lokacin sallah ya yi sai ta ɗauke ki ta shige ɗaki. Ranar da wata ta tambaya, ni na ce gwiwa ce ke damunta, a zaune take yin tata a ciki. Ni na faɗi wannan, Hanan, ba wani ba. Ita dai ba ta taɓa yin ƙarya ko sau ɗaya ba, shiru kawai ta yi domina.

Ranar Lahadi kuwa sai ta yi wanka da wuri, ta ɗaura atamfarta mai kyau kamar mai shirin fita, ta ja kujera baranda. Littafinta Mai Tsarki yana ɓoye cikin rigar matashi a kan cinyarta. Ta zauna tana fuskantar benayen da aka shanya wa kaya, tana rera wani abu a maƙogwaro wanda ba ya fitowa. Abbanki ya ga haka sau biyu, ya same ni a kicin.

“Asma'u, akwai cocinsu a cikin gari. In kai ta mana, in jira ta a mota.”

Na ce a bari tukuna, kada wani ya gan su.

“Kakarki ce, ke kika san ta,” in ji shi. “Amma wallahi abin nan ba ya yi mini daɗi.”

Bayan na yi arba'in da 'yan makonni, matan unguwa suka shirya tafiya tsaunukan Cameron, gida biyar a bas ɗaya, a sha iska mai sanyi a dawo ranar Lahadi da yamma. Hanyar tana nannaɗe da dutse kamar zare a jikin mazari, yara suna amai, Kaka tana raba musu citta. Da muka kai sama ta ga gonakin shayi sun lulluɓe tuddai, gajimare yana tafiya a ƙasa da mu, sai ta ce wannan ai Jos ce aka yi wa wanka. Na daɗe ban ga ta yi dariya irin ta ranar ba.

Da safiyar Lahadi maza suka tafi da manyan yara gonar shayi, mu mata muka taka zuwa kasuwar kayan lambu. Sanyi yana shiga har cikin haƙori. Kaka tana dafe da kafaɗata, saboda haka mu ne a baya. A wata kwana, a kan ɗan tudu, sai ga wani ƙaramin gini mai jinkar kwano, bai fi ajin makaranta biyu ba, furanni ja da ruwan hoda sun kewaye shi. Matakala ce ta dutse take hawa zuwa ƙofarsa. A bakin hanya akwai allo, an zana gicciye, an yi rubutu da Turanci. Kaka ba ta jin Turanci, amma ta yi karatun boko da Hausa, kuma akwai kalma ɗaya a allon da ta sani tun tana yarinya, Anglican. Na ji hannunta ya yi nauyi a kafaɗata.

“Ƙafata ta gaji,” in ji ta. “Ku je ku dawo, ku same ni a nan.”

Maman Walida ta ce Hajiya ta huta abinta, ba za su daɗe ba. Suka wuce. Na ce zan tsaya da ita. Ta zauna a kan ɗan dakalin da ke ƙasan matakalar, ta juya wa ginin baya, ta gyara mayafi. Daga sama aka fara kaɗa molon coci, muryoyi kaɗan suka bi. Ban san waƙar ba, amma na san karin. Shi ne abin da take rerawa a baranda. Na dubi bakinta, yana motsi, babu sauti. Hannunta na dama yana kan haɓar zanenta, yana murza ƙullin nan.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Abin da na gani a idona shi ne gindin mangwaro da mace tana saƙa, shekara bakwai, rana da damina, tana jiran yarinyar da ke ciki tana karatun da ba nata ba. Ita ba ta taɓa juya wa ƙofar makarantarmu baya ba. Ba ta taɓa cewa in ɓoye allona idan matan zumuntar cocinsu sun zo gidanmu ba, har cewa take in karanta musu su ji.

“Kaka, tashi mu shiga.”

“Ina?”

“Kin sani.”

“Ƙawalli, mutanenki za su dawo ta nan.”

“Su dawo. Kamo hannuna.”

Matakala goma sha biyu ce, mun hau ta ɗaya bayan ɗaya, tana haki tana cewa a hankali, ba tsere muke ba. A ƙofa wata tsohuwar Ba'indiya da sari, zanen nan nasu, da rigar sanyi ta dubi hijabina, ta dubi Kaka, ta ce boleh, boleh, wato babu komai, mu shiga. Ni da ban taɓa shiga ɗakin ibada da takalmi ba, ƙafata ta yi abin da ta saba. Na tuɓe su na jera a bakin ƙofa. Kaka ta ce a nan ba a cirewa, amma na riga na taka dandamalin mai sanyi.

Ciki yana ƙamshin katako mai laima da furanni. Mutanen ba su fi ashirin ba: tsofaffin Indiyawa, wasu mata da miji 'yan Sin, 'yan mata masu aikin otal da suka zo daga tsibirin gabashin ƙasar, da Turawa biyu masu yawon buɗe ido. Muka zauna a bencin ƙarshe. Aka shiga baiti na gaba da Turanci, sai Kaka ta buɗe baki ta ɗauke shi da Hausa. Muryarta ta tsufa, tana rawa, amma ba ta ɓace ko a gaɓa ɗaya ba. Mai kaɗa molon ya waiwayo, ya rage sauri domin ta. Ban taɓa sanin Hausa za ta iya cika ɗaki a kan dutsen wata ƙasa haka ba.

Da aka natsa, limaminsu, wani siririn dattijo mai furfura, ya ce baƙi su tashi su faɗi sunansu. Kaka ta zungure ni. Na miƙe, ke kina barci a bayana, na ce da Turanci: wannan kakata ce, sunanta Rifkatu, daga Wusasa a arewacin Najeriya. An haife ta a cikin wannan ɗariƙa taku. Ni Musulma ce, ita ta raine ni, ita ta koya mini tashi sallar asuba. Wata biyu ke nan ba ta shiga coci ba, kuma laifina ne. Wannan ne karo na farko da sunanta ya fito daga bakina. Limamin ya roƙe ta ta yi addu'a da harshenta. Ta tashi ta dafa benci ta yi, ta ambaci marasa lafiya da matafiya da masu jego. Duk lokacin da ta ce Allah sai 'yan matan otal ɗin su ɗaga kai, domin su ma da wannan suna suke kira.

Ban yi sujadarsu ba, ban ci abin da suka ci ba, addinina yana nan inda ta adana mini shi. Amma da aka kira su gaba cin jibi, gurasar ibadarsu, ni na raka ta. Ta dage sai ta durƙusa kamar kowa. Ta karɓa da hannu biyu. Da ta zo tashi gwiwar ta ƙi, sai na sunkuya na sa hannuwana a hammatarta na ɗaga ta, kamar yadda take ɗaga ni daga baho makonni kaɗan kafin nan. Fuskarta a jiƙe take. Kafin mu kai benci ta kwance haɓar zanenta ta mayar da zaren wuyanta.

Da muka fito, matan suna ƙasan matakalar su uku, da ledojin kabeji da masara. Maman Walida kuwa ta hawo har sama, tana tsaye a gaban takalmana. Koraye ne masu dutse a gaba, tare muka saye su a kasuwar titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, ita ma irinsu ne a ƙafarta. Ta dube ni, ta dubi wuyan Kaka, ta ɗaga murya yadda na ƙasa za su ji:

“Au, hoto kuka shiga ɗauka ko? Ai ginin Turawan da ne, kowa yana shiga ya gani. Mu tafi lah, bas yana jira.”

Ƙofa ta buɗe mini, Hanan, don ƙaunar da take yi mini. Kai kawai zan gyaɗa a wuce wurin. Na ji Kaka ta saki hannuna a hankali, ta ja baya kaɗan, ta bar mini fili in zaɓa.

“Ba hoto ba ne, Anti. Sujada Kaka ta shiga, ni na kai ta. Kirista ce. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, ba ta kuma taɓa ce muku ta je ba. Ni na bar ku kuna faɗa, ni na ce a ɗaki take sallah. Ku yafe mini wannan. Amma ita ta raine ni, kuma duk abin da nake koya wa 'ya'yanku ranar Asabar, tana zaune a ƙofa na koye shi.”

Wata a ƙasa ta ce innalillahi a hankali. Na sa takalmana, na kama hannun Kaka muka sauka ta tsakiyarsu.

A bas babu mai hira sai yara. Mun sauko rabin dutsen aka tsaya a wani kedai, shagon shan shayi, Kaka ta ce ba za ta sauka ba. Can sai ga Maman Walida ta dawo da kofi biyu. Ta miƙa mini ɗaya ba tare da ta dube ni ba.

“Ke ba na magana da ke tukuna. Wata biyu kin bar ni ina zuba kamar rediyo.” Ta juya wurin Kaka. “Ga shayi, Haj...” Ta tsaya. “To yanzu me za mu ce miki?”

“Rifkatu uwata ta raɗa mini,” in ji Kaka, “amma kin yi ƙanƙanta ki faɗa. Ki ce Kaka, ba za ki yi asara ba.”

Maman Walida ta yi dariyar da ba ta shirya ba, har shayin ya zube mata a hannu.

Ba kowa ne ya yi dariya ba. Asabar ɗin da ta biyo baya na shimfiɗa tabarma kamar kullum, yara huɗu suka zo a maimakon goma sha ɗaya. Wata ta aiko a karɓo mata kofin da ta bari a gidanmu. Wata da muke raba sirri da ita ta koma gaishe ni da ka. Akwai gidajen da har yau ba a kiranmu suna, kin san su, kin sha tambayata dalili. Wasu ƙaryar da na yi ce ta ɓata musu rai, kuma suna da gaskiya. Wasu kuwa ba ita ba ce. Na yi kuka, ba zan ce miki ban yi ba, domin sunan Malama ya riga ya shiga jikina. Da na ba Abbanki labari, sai ya je ya tsuguna gaban Kaka ya gaishe ta kamar ranar ta sauka.

Saura mata mako uku ta koma gida. Lahadi ta farko ta yi wanka da wuri, ta ɗaura atamfarta, ta nufi baranda da kujera. Na karɓe kujerar na miƙa mata jakarta. Littafin a hannu ta riƙe shi, babu rigar matashi. A hawa na tara lif ya tsaya, Maman Sudais ta shigo, ɗaya daga cikin waɗanda suka janye 'ya'yansu. Ta dubi silin, ta dubi lambobi, lif ɗin kuma ba ya sauri. A ƙarshe dai ta ce:

“Malama, ina zuwa da sassafe haka?”

“Coci zan kai Kaka,” na ce. “In kina da saƙo a cikin gari, kawo.”